Mudun Inna Tabawa

Ku matso kusa, kowa ya ajiye wayarsa, don yau ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke.

A kasuwar Funtuwa an yi wata mai awon hatsi, ana ce mata Inna Tabawa. Mace ce mai kazar-kazar, muryarta daga rumfarta har tasha ake jin ta. Tana da wani tsohon mudun tagulla da ta gada daga mahaifiyarta, ba ta yarda ko ɗa ya taɓa shi. Wata ranar kasuwa sai maƙwabciyar rumfarta, Kulu, ta ce ƙirjinta ya ɗan riƙe. Kafin la'asar an yi jana'izarta. Tun daga ranar Inna Tabawa ta koma sauraren jikinta. Tana jin bugun zuciyarta har cikin kunne. In ta haɗiye loma sai ta bi ta har ciki, in cikin ya yi ƙugi ta ce shi ke nan, mutuwa ta zo. Cizon sauro ma ji take kamar harbin kunama. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji da na ciki, likitoci suka ce ba su ga komai ba. Ta ce ɓoye mata suke yi. Ta bar kasuwa, ta bar tuwo, sai kurɓar koko, har awarwaronta ya fara zamewa daga hannu. Tsoro ne yake cin ta a zaune, kuma yunwa na shirin ƙarasa ta.

'Ya'yanta uku suka taru suna ta lallashi. Ta dube su ta ce, "Ni ban san daɗin baki ba, awo na sani. Ku auna mini abin da ke damuna in gani da idona. Wanda ya mayar da ni rumfata, mudun nan nasa ne."

Babban, Ukasha, karatun halayyar ɗan'adam ya yi a ƙasar Iran. Yana jin haka ya zabura, don ya tuna a can akwai wata takardar tambayoyi da harshensu na Farisanci, wadda ake auna masu yawan jin motsin jikinsu da ita, waɗanda ƙaramin abu ke zame musu babba. Ya yi ta buga waya har ya samo tsohon malaminsa, ya roƙi izini, aka aiko masa. Ya zauna ya mayar da ita Hausa. Bai tsaya nan ba, ya miƙa Hausar ga wani abokin karatunsa wanda bai taɓa ganin ta asali ba, ya ce ya sake mayar da ita Farisanci. Suka jera biyun, inda suka saɓa suka yi ta gardama har suka daidaita. Inda aka yi maganar sanyin ƙanƙara ya sa zafin bazara, inda aka ce hayaƙin birni ya sa hayaƙin murhu. Ya shigo gida yana murna kamar an yi masa haihuwa. Inna Tabawa ta saurara tsaf, zuciyarta na ɗan tsalle, sannan ta tambaye shi ko ya taɓa ganin an kawo mudun wani gari an fara awo da shi a kasuwarsu ba a gwada shi da na gari ba. Ukasha ya naɗe takardarsa, don ya san gaskiya ta faɗa.

Ta biyu, Saude, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba gidan da ba ta san ƙofarsa ba a unguwanninsu. Ta karɓi tambayoyin ta ce gwaji nata ne. Ranar farko ta dawo tana dariya har da hawaye. Duk wanda ta tambaya, amsa ɗaya: lafiya lau, an gode Allah. Har wani tsoho da ƙafarsa ke ɗaure da karan ɗori ya ce mata jiki garau. Kun dai san halinmu, a wurinmu faɗin ciwo kamar butulci ne, ko kai na tsagewa sai mu ce da sauƙi. Da wata ce da ta haƙura, amma ban da Saude. Ta ɗebi wake a buhun uwarta, ta ɗauki faifai, ta koma. Sai ta zauna a gama gaisuwa tas, a sha ruwa, a tambayi yara da awaki, sannan ta ce za ta karanta tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba sai an yi magana ba. In abu bai dame ka ba, ajiye ƙwayar wake ɗaya, in ya dame ka matuƙa ajiye biyar. Jama'a, abin da baki ya ƙi faɗa sai ga hannu yana zubawa. Ta bi mahauta da masaƙa, ta shiga wurin matan aure, ta je layin asibiti wurin marasa lafiya na gaske. Waken kowa ta ƙulle shi daban da sunansa, na kowace tambaya a ƙullinsa. Bayan 'yan makonni ta sake bin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, don a ga ko awon zai ba da abin da ya bayar da farko. Takalminta sai da ya tsinke. Inna Tabawa tana daga kan gado tana kallon ƙulle-ƙullen wake na cika ɗaki, kuma karon farko ta manta da zuciyarta na ɗan lokaci, tana tambayar na wane ne wancan ƙaton ƙullin.

Na uku, Bilya, malamin lissafi ne, mutum mai sanyin magana. Shi aka tara wa waken. Da ya haɗa zagayen farko da na biyu sai abin ya ƙi haɗuwa, na biyu ya rinjayi na farko a kusan kowane gida. Ukasha ya dafe kai, Saude ta fashe da kuka, ta ce wahalarta ta tashi a banza, uwar kuma ta juya fuska bango ta ce dama ta sani. Bilya kuwa ya jawo waken gabansa. Ya warware ƙullin nan tambaya bayan tambaya, sai ya ga guda ɗaya ce ke ɓata lissafin, wadda ke cewa ko kana saurin jin murɗawar yunwa. Ya buga cinya ya miƙe. Ashe zagaye na biyu cikin watan azumi aka yi shi, lokacin da kowa cikinsa ke kuka. Ya ware ta gefe, sauran suka zauna daram. Ya kuma gano cewa masu tulin wake ba su ne waɗanda asibiti ya samu da cuta ba.

Sai ya shimfiɗa tabarma gaban gadon uwar, ya jera waken mutanen gari tsibi-tsibi, daga ƙanana zuwa manya. Saude ta karanta mata tambayoyin Ukasha, ita da kanta ta riƙa zuba waken. Nata ya tashi can ƙarshen layi, cikin manya. Bilya ya nuna na kusa da shi ya ce, "Inna, wannan na Goggo Lantana ne mai daddawa. Tun tana amarya take jin zuciyarta haka, ga ta nan da tattaɓa-kunne."

Inna Tabawa ta sauko daga gado. Ta tsuguna, ta ƙidaya nata, ta ƙidaya na Lantana, ta sake ƙidayawa, kamar yadda take yi in ta zargi mai saye. Daidai suke. Wani farin ciki ya taso mata tun daga ƙafa, zuciyar ta buga da ƙarfi, ta ji ta sarai, amma wannan karon dariya ta yi. Ta ce a dafa mata waken nan da manja yanzu-yanzu. Ta ci ta suɗe kwano. Washegari suka kai ta wurin likitan da ke kula da masu irin wannan damuwa, ya duba awon, ya fara koya mata yadda za ta ji motsin jiki ba tare da ta firgita ba. Kafin babbar salla muryarta ta koma kaiwa tasha.

Ranar da ta koma rumfa ta goge mudun tagulla da toka har yana ƙyalli, ta kira su ukun. Ta ɗaga shi za ta miƙa wa Ukasha, don ba don shi ba da babu abin awon ma. Sai idonta ya faɗa kan ƙafar Saude, ta tuna da ba don wake da faifai ba da har yau kowa lafiya lau yake cewa. Ta juya wajenta, sai ga Bilya tsaye, wanda ba don shi ba da an zubar da aikin duka a shara, ita kuma tana nan fuskarta a bango. Hannunta ya tsaya a sama. Mudu ɗaya ne, ba ya tsaguwa uku, kuma alkawari ta yi a gaban su duka.

Har yanzu hannun Inna Tabawa yana sama, ya fara gajiya. To, ku faɗa mata: cikin Ukasha da Saude da Bilya, wa za ta miƙa wa mudun?