Jakar Dakta Alfred da Irin Albasar Baba Mode

Akwai wani matashi mai suna Alfred, ɗan Malam Simeon, mutumin Zuru da ya daɗe yana aikin asibiti a Wurno. A nan Alfred ya tashi, katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Baba Mode, manomin albasa. Tuwon gidan Baba Mode kuwa ya ci shi har ba adadi.

Yaron nan ya yi karatu har ya zama dakta, ba na allura ba, na bincike. Sai wata cibiya ta ɗauke shi aikin shekara biyu, irin wanda ake ba waɗanda suka gama digirin dakta. Aiki ne mai hana sukuni, jama'a. In ka fito da sakamako a sabunta maka, in ba ka fito da shi ba ka kwashe takardunka.

Abin da yake bincike a kai shi ne guntayen fata da majema ke zubarwa. Yakan dafa su, ya tace furotin ɗin da ke ciki, ya shanya shi ya zama wata 'yar shimfiɗa kamar leda. Burinsa a yi jakar ajiye iri da ita, wadda in an yar za ta ruɓe ta zama taki. Tunani mai kyau, ba wanda zai musa.

Sai dai akwai abin da ya gani a ɗakin gwaji. Duk lokacin da iska ta yi laima, jakar sai ta yi danƙo ta fara fumfuna. Gyaran yana buƙatar lokaci, wa'adinsa kuma ya kusa cika, shugabar cibiyar ta ce sai ta ga gwaji a hannun manomi.

Alfred ya haɗiye abin da ya sani, ya ɗauki jakunkuna ya nufi Wurno.

Ya tarar Baba Mode ya gama sheƙe irin albasarsa, baƙi sil, wanda zai ajiye har damina ta wuce, ya yafa shi in aka sako ruwa daga dam ɗin Goronyo. Duk noman raninsa yana cikin wannan irin.

"Baba, ga abin da na ƙera. Ka zuba irinka a ciki."

Tsohon ya juya jakar yana dariya. "Mi na na kuma, Dakta? Fata ta koma leda? Ka tabbata shina da kyau?"

"Yana da kyau, Baba."

"To shi ke nan. Ubanka bai taɓa ba ni maganin banza ba."

Ya juye irin kaf, bai rage ko cikin tafi ba. Alfred yana kallo. Bakinsa ya motsa zai ce a rage wani, ya tuna rahoton da zai kai wa cibiyar, ya yi gum. Wallahi wannan shirun ya fi ƙona mini rai a duk labarin.

Damina ta zo da ƙarfi a shekarar. Da lokacin yafa iri ya yi, Baba Mode ya kwance jakunkuna ya tarar da irin ya dunƙule, ya yi fari da fumfuna, yana wari. Duk da haka ya yafa a fangali, ya yi ta ba shi ruwa. Na maƙwabta ya yi kore, nasa ƙasa ce kawai.

A makon ne masu ba da tallafin binciken suka ce za su zo su ga manomin da idonsu. Alfred ya riga su isa, ya ga fangalin. Kafin ya yi magana tsohon ya tare shi.

"Kak ka damu. In sunka zo ni ce musu ya yi kyau. Ba ni bari a kore ka wurin aiki, kai ɗan Malam Simeon na."

Alfred bai ce a'a ba. Kun ji fa, karo na biyu ke nan.

Baƙi suka zo, manoma suka taru a ƙofar gidan Baba Mode, har daga ƙauyukan Tursa da Lahodu. Baba Mode ya miƙe, kansa a ƙasa, ya ce jaka ta yi kyau. Aka yi tafi. Sai wata mata mai suna Safara'u, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara da 'yar gona, ta matso.

"Dakta, tunda Baba Mode ya yaba, ni ma a ba ni. Irina kaɗan na, shi kaɗai gare ni. Bana ciki za ni aje shi."

Ta miƙo hannu biyu. Alfred ya dubi hannuwan, ya dubi tsohon da ya yi ƙarya a gaban jama'a saboda shi, da furfurarsa.

"Inna, kada ki karɓa," in ji Alfred. "Jakar nan tana lalata iri in an yi laima. Ta cinye na Baba gaba ɗaya. Kuma na san haka tun kafin in kawo masa."

Baƙi suka shiga motarsu. Ba a sabunta wa Alfred aikin ba.

Da jama'a suka watse, ya bi tsohon bakin fangali, ya durƙusa gabansa yana ba shi haƙuri. Shi Baba Mode a da duk zatonsa kuskure ne aka yi.

"Ashe ka sani," ya ce a hankali. "Alfred, da ka hwaɗa mani gwaji na, kuma shina iya ɓaci, wallahi da na ba ka rabi da hannuna, in aje rabi. Da kai ka samu gwajinka, ni na samu albasata. Mi ya hana ka tambaye ni?"

A shekarar, ruwan dam ya bi ta gefen gonar Baba Mode ya wuce gonakin wasu.

Darasi: Wanda ya yarda da kai saboda darajar gidanku, gaya masa gaskiya tun farko, ko da aikinka na kan siraɗi. Sau da yawa abin da ka karɓa ta hanyar ɓoyewa, da ka roƙa a fili da an ba ka da zuciya ɗaya. Ku tura wa ɗalibai, masu bincike, da duk wanda wani ya damƙa wa amanar abincinsa.