Mai Harshe da Tukunyar Dusa

An yi wani mutum a nan Osaka, ƙasar Japan, wanda matarsa ta rasu wata Talata da azahar, shi kuwa yana zaune a gaban kantar wani gidan abinci yana cin kifi, wayarsa a kashe cikin aljihu.

Ya 'yan uwa, ba zan faɗi sunansa ba. Maƙwabcina ne, ƙofarsa tana kallon tawa, kuma har yau yana numfashi. Sunan matar zan faɗa, Tokiko, tunda shi bai cika faɗarsa ba. "Ke" yake ce mata.

Mutumin nan Allah ya ba shi harshe, ba na magana ba, na ɗanɗano. In ya sa yankan kifi a baki, zai gaya maka gaɓar tekun da aka kamo shi. In ya kurɓi romo, zai ce an sauya rijiya. Na daɗe ina mamakin wannan baiwa. Na karanta abin da likitoci suka rubuta kan harshe, na karanta abin da masana suka rubuta kan kwaɗayi, ban sami wanda ya bayyana mini yadda 'yar tsokar da ba ta kai tafin hannu ba take jan ƙaton namiji daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan ba.

Ta ja shi kuwa. Ya san gidajen abincin da ba su da allo, sai labule a ƙofa da kujerun da ba su kai goma ba. Ya san waɗanda ba sa karɓar baƙo sai wani ya tsaya masa. A mashaya da yawa akwai kwalbar giyar da aka rataya wa sunansa a wuya, tana jiransa kamar akuyar da aka ɗaure. In ya zauna ba ya tambayar me ake da shi. Sai ya ce, "Maigida, na bar maka zaɓi." Masu girki suna son sa, domin yana lura da wahalarsu.

Kun san kalmar da ake faɗa in an gama ci. A haɗa tafin hannu, a ɗan sunkuya, a ce gocisosama. Yaron da aka yaye jiya ya iya ta. Na taɓa bin asalinta a ƙamus, domin mutumin da ke cin abinci shi kaɗai yana da lokaci. Ashe gudu take nufi, kai-komo. Wato ka yi ta zirga-zirga saboda cikina, kuma na gani.

Babu wanda ya kai mutumin nan iya faɗarta a waje. Yana faɗa, mai girki sai ya ji kamar an ba shi lambar yabo. A gida kuwa kalmominsa uku ne: "Abinci." "Wanka." "Barci." Ta bango nake jin su.

To, Tokiko tana da tukunya. Dusar shinkafa ce da gishiri, wadda ake binne kokwamba da gauta a ciki su yi tsami. Uwarta ce ta ɗibar mata daga tata ranar da ta tare. Irin wannan dusa rai gare ta. Kullum sai an sa hannu an juya ta har ƙasa, in aka yi sakaci ta mutu. Matata, Allah ya jiƙanta, takan ce ko an ba ka dusar Tokiko ba a ba ka hannun Tokiko ba. Bayan na binne matata, kowace safiya nakan tarar da 'yar ledar kokwambar Tokiko rataye a ƙofata. Ba sallama, ba jiran godiya.

Shi ma kowace safiya yana ci, idonsa a kan jarida.

Wata rana muka haɗu a matakala. Ya ce, "Malam mai littattafai, har yanzu shinkafa da ƙwai?"

Na ce, "Har yanzu."

"Kai dai an yi asarar baki. Bari in kai ka inda ake girki."

"Kokwambar gidanka ta ishe ni."

Ya yi dariya har da riƙe ƙarfen matakala. "Wannan? Ai dusa ce, Malam. Abincin kaji."

Ya 'yan uwa, me yake nema a waje? Na sha tambayar kaina. Yunwa ce? Mai yunwa ba ya jiran kujera wata da watanni. Ina jin so yake a san ya sani. Mai girki ya ɓoye abu a cikin romo, shi ya gano, su kalli juna. Abin da bai taɓa faɗo masa ba shi ne a gidansa ma ana iya ɓoye masa wani abu a faranti, ana jiran ya gano.

Sai ciwo ya kama Tokiko, aka kwantar da ita a asibiti. A daidai lokacin ne ya sami kujera a wurin Kurahashi, tsohon da ake cewa babu kamarsa a yankan kifi. Ya daɗe yana jiran wannan kujera. Dokokin Kurahashi kowa ya san su: ba latti, ba waya, ba turare. Da hannu ake ɗaukar lomar, don haka kada wani wari ya biyo yatsunka.

Na je gaishe ta ina tsaye ta ce masa, "Baban yara, ka riƙa juya mini dusar. Da hannu, ban da cokali."

Ya ce, "Ke, warinta kwana yake a farce. Bari in gama da Kurahashi tukuna."

Ta ce, "To."

Abin da ta roƙa ke nan a duk zamansu, iyakar sanina.

Da safiyar Talatar ma'aikaciyar jinya ta ce masa kada ya yi nisa yau. Ya ce ai cin rana ne kawai. Ya wanke hannu da sabulu marar ƙamshi, ya kashe waya, ya zauna. An ce ranar Kurahashi ya yi bajinta. Mutumin nan ya ci, ya haɗa hannu, ya faɗi kalmar da kyau. Ya fito bakin labule ya kunna waya.

Aka yi jana'iza. 'Ya'yansu suka zo daga Tokyo suka koma. Da zaman makoki ya ƙare ya koma yawonsa, sai ya tarar harshen ya tafi. Kifi takarda, romo ruwan ɗumi. Likitoci suka duba, suka ce ba su ga komai ba. Ni ma na koma littattafaina, ban ga komai ba. Ina ɗanɗano yake zuwa in ya bar mutum? Wa yake riƙe da shi?

Ya yi ta ɓoyewa. Yana taunawa, yana lumshe ido, yana gyaɗa kai a inda ya saba gyaɗawa. Har ya sake samun zama a wurin Kurahashi. Tsohon ya ɗora yankan kifi a kan curin shinkafa, ya shafa masa ruwan soya mai gishiri da kansa, daidai gwargwado, ya ajiye masa. Mutumin nan, don neman ko da gishiri ne ya ji, ya ɗauki lomar ya tsoma ta a ruwan soya har shinkafar ta jiƙe ta warwatse.



Kurahashi ya ce, "Yallaɓai, hannuna ya gaza ne?"

Mutumin nan ya goge yatsunsa ya miƙe. Da zai fita, tsohon ya raka shi har ƙofa, ya sunkuya ƙasa sosai. "A kula da lafiya. Wata mai zuwa kujerunmu sun cika."

"Na bayansa fa, Maigida?"

"Shi ma."

Kun san garin nan. Ba a kora, sunkuyawa ake yi. Labari ya zaga, labule bayan labule ya rufe. Ya koma wa giya, tunda ita ba ta buƙatar harshe kafin ta yi aikinta. Ya rame har wandonsa yana neman tserewa.

Wata safiya ya buga mini ƙofa. "Malam, zo ka ga wani abu."

Ya buɗe tukunyar a tsakiyar kicin. Saman dusar ya yi funfuna, wari ya cika ɗakin. Na ce ya zubar. Sai ya naɗe hannun riga ya tura hannu har gwiwa, karon farko a rayuwarsa. Ya lalubo wani guntun gauta a can ƙasa, ya yi baƙi ya yamutse, gishiri ya tsare shi. Na ƙarshen da ta binne. Ya wanke, ya yanka siriri, ya sa a baki.

Na ga fuskarsa ta sauya.

"Akwai tsami," in ji shi. Ya ƙara tauna. "Citta. Ta sa citta. Da ɓawon lemo, kaɗan, can daga baya. Kai! Wa ya koya mata wannan? Malam, yaushe ta fara sa ɓawon lemo?"

Na ce, "Tun kafin in tare a gidan nan."

Ya cinye sauran a hankali, yana bin kowane yanka kamar mai karatun wasiyya. Shi ne abu na ƙarshe da ya ji ɗanɗanonsa har yau.

Ya 'yan uwa, ba cin daɗi ne ya kashe mutumin nan a tsaye ba. Allah ne ya halicci kifin, shi ya halicci harshen. Butulci ne. Ya raba godiyarsa ga duk wanda ke sanye da farar hular masu girki a bayan kanta, ya hana wadda take kai-komo saboda cikinsa tun tana budurwa. Wa ya dafa abin da ka ci yau da safe? Me ya sa a ciki? Ka sani? Waɗansunmu za su ba da duk littattafan da suka mallaka don a sake ajiye musu faranti guda su yi wannan tambaya. Kai da har yanzu ake ajiye maka, ɗaga ido daga jarida.

Allah ya kiyaye mu da harshen da ya san komai ban da na gida. Allah ya sa mu gode tun mai ji yana ji.

Shi kuwa, da ya gama gautan nan, ya ajiye tsinken cin abinci, ya haɗa tafin hannu, dusa na nan a farcensa. Ya juya wajen murhu, inda take tsayawa. Na ga bakinsa ya buɗe. Na jira. Kalma ɗaya ce, yaron da aka yaye jiya ya iya ta: gocisosama.