Ranar da Ya Kori Umma daga Rumfar Dashe

Akwai wani mai lambu da ake kira Sarkin Sauri, don ko gaisuwa a tafe yake amsawa. Gona da lambun rainon tsiron da yake aiki a ciki na mahaifinsa ne, amma tun rasuwar tsohon shi ke juya komai.

Da sanyi ya wuce, lokacin dashe ya kama, gida kaf aka koma rumfa. Matarsa na cika leda da ƙasa da taki, ƙanwarsa Auta na ban ruwa. Mahaifiyarsu, Umma, tana kan kujerarta tana cire tsiron tumatir tana sa wa a leda, aikin da take yi tun yana goye. Sai dai yanzu hannunta na rawa.

Wata safiya masu saye sun cika wurin, faranti guda na tsiro ya suɓuce mata ya kife.

"Haba Umma! Ɓarnarki ta fi aikinki yawa," Sarkin Sauri ya daka mata tsawa. "Don Allah ki koma gida ki huta, mu ma mu huta!"

Auta ta ce, "Yaya, Umma ce fa."

"Na sani. Ita za ta dasa min wani?"

Umma ta karkaɗe zaninta, ta ce, "Allah ya ba da kasuwa." Da yamma ta bi Auta gidanta.

Abin ya tsaya masa a rai, amma ya ce sai an gama dashe zai je ya ba ta haƙuri. Aka gama dashe, shuka ta taso a gona. Aka gama shuka, ciyawa ta taso. Auta ta yi ta kira: "Yaya, Umma fa ta fara mantuwa." Ya ce tsufa ne kawai.

Kasuwa kuwa ta yi kyau, ko leda ɗaya ba ta rage ba. Sai a lokacin ya shirya ya tafi.

Ya same ta a bakin taga. Ya durƙusa ya riƙe hannunta. "Umma, ki yafe min."

Ta dube shi da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Ɗan gidan wa ne kai?"



Darasi: In ka ɓata wa iyayenka rai, ka nemi gafara yau, tun suna gane fuskarka. Aiki ba ya ƙarewa, su kuwa ba za su jira ka ba. Ku tura wa duk wanda yake cewa "sai na samu lokaci".