Mai Ƙwanƙwasa Daga Cikin Ɓawo

An ce a garin Tudun Marke an yi wani hakimi, Ɗanburan Isiyaku, mutum mai taurin kai, in ya ce a'a ko uwarsa sai ta haƙura. Shi da matarsa Kubura sun daɗe ba haihuwa, har suka dangana da asibitin da ake haɗa ƙwan mace da ruwan mijinta a waje, a mayar cikin mahaifa. An dasa, an sake dasawa, bai kama ba. Saura ɗan tayi ɗaya tak a daskare cikin sanyi, ga shekarun Kubura sun ja. Likita ta ce ɓawon da ke lulluɓe da shi ya yi tauri, wataƙila shi ya hana 'yan uwansa fitowa su manne. In ya yarda, za a haska wani siririn haske da ake kira leza, a yi wa ɓawon ɗan huji. Hakimi ya ce ba mai kai wa ɗansa wuta, wannan shisshigi ne cikin ikon Allah. Kubura ba ta yi musu ba, abinci dai ta daina ci.

Wata rana, rana tsaka, lokacin da ko kaji ba su motsi, yana zaune shi kaɗai a bayan gida, sai tsohon kunkurun da ya gada wajen kakansa ya miƙo wuya ya yi masa sallama da muryar tsohuwa. Hakimi ya zabura, amma girma ya hana shi gudu.

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, ina tsoron abin da ya sami Tabawa mai zabi ya same ka."

Hakimi ya tambayi abin da ya same ta. Kunkuru ya ce:

Tabawa mace ce mai sa wa kaza ƙwan zabo, kamar yadda matan ƙauye ke yi. Wata damina kazarta ta ƙyanƙyashe ta tashi da 'ya'ya, ta bar ƙwai ɗaya. Tabawa ta kara shi a kunne, ta ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki, ƙwas, ƙwas. Kowa ya san ɓawon ƙwan zabo ba na wasa ba ne. Ta kai wa maƙwabciyarta Iya Gambo, tsohuwar da hannunta ya san ƙwai. Iya Gambo ta ce za ta gaya mata abin yi, amma ta fara jin labarin Jatau mai gaggawa. Ta ce:

Jatau ya taɓa jin irin wannan ƙwanƙwasa, tausayi ya kama shi, ya sa farce ya ɓare ƙwan gaba ɗaya kamar mai ɓare gyaɗa. Ɗan tsako ya fito jina-jina, ya buɗe baki ba murya, ya mutu a tafin hannunsa. Tun daga ranar duk abin da Jatau ya taɓa da wannan hannu sai ya yi sanyi, har jikokinsa suka daina yarda ya shafa musu kai. "Kin ga, Tabawa, shi ya yi wa tsakon aikin da tsako ne zai yi wa kansa. Ke kuwa ga ƙaya..."

Tabawa ba ta tsaya jin sauran ba. Ta ce ita dai ba ta taɓa aikin Allah, ta koma ta ajiye ƙwan a cikin ƙwarya. Da tsohuwa ta ce a ɗan huda bakin ƙwan da ƙaya a janye hannu, Tabawa ta riga ta yi nisa, ba ta ji ba. Ƙwanƙwasa ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Washegari sai Tabawa ta ji ta a cikin turmi. Ta ji ta a bangon ɗaki, ta ji ta a tulun ruwa. Ta sake gida, ta sake gari, abin na biye da ita, daga ƙarshe a ƙirjinta take jin sa har ta koma ga Mahaliccinta.

Kunkuru ya dubi hakimi ya ce, "Rabin labari ta ji, ranka ya daɗe, kamar yadda ka ji rabin maganar likita. Hasken ba ɗanka zai taɓa ba, ƙofa zai sassauta masa. Saurara."

Hakimi ya kasa kunne. Daga can nesa, ta wajen birnin da asibitin yake, ya ji ƙwas, ƙwas. Tsoro da tausayi suka rufe shi tare, ya tambaya ko in an huda lalle yaron zai rayu. Kunkuru ya ce wannan ba a hannunsa yake ba, ba a hannun likita ba. Ya mayar da kai cikin ƙoƙonsa.

Hakimi ya shiga wajen Kubura ya ce ya yarda, ta yafe masa. Ranar aikin aka nuna musu a allon na'ura: ɗan digon haske ya sauka a gefen ɓawo, ya bar huji ƙarami, likita ta janye hannunta. Ƙwanƙwasar da ta hana hakimi sukuni tun ranar kunkuru kuwa ba ta fasa ba, har bayan wani lokaci ta ɗauke ɗif. Gabansa ya faɗi, don ya tuna yadda ta ɗauke a ƙwaryar Tabawa.

Ya ce, "Likita, ya yi shiru."

Likita ba ta san abin da yake nufi ba. Ta dai nuna masa allon, inda wani abu kamar kumfa ya fara turo kai ta bakin hujin.

Hakimi ya kama hannun Kubura ya ce, "Mun buɗe masa ƙofa. Saura kuma na Allah ne."