Tandun Kwallin Iya Tabawa

Gwaggo ce ta ba mu wannan labarin muna tsintar shinkafa, har yau ba mu gama musu a kai ba.

Wai akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, mai ’ya’ya mata uku: Ladidi, Kande da Jummala.

Ladidi ce mai sa mata kwalli kullum da safe. Wata rana ta buɗe mata ido, sai ta ga wani baƙin tabo a ciki. Iya ta ce, "Ke dai sa min kwallina, tsufa ne." Ladidi ta ƙi, ta yi ta naci har suka je asibiti. Ashe ciwon daji ne. Aka cire idon. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da zance ya sha bamban.

Sai likitan ya ce akwai gwajin da ake yi wa abin da aka ciro, a gane ko irin mai tsallakawa hanta ne. Ba magani ba ne, sani ne kawai. Iya ta ce, "Ni kar wanda ya faɗa min. In na ji, tuwo ba zai ƙara min daɗi ba." Kande ta ce, "To Iya, ki yarda ni a faɗa min." Ta yarda. Sakamako ya fito, mugun irin ne. Kande ta haɗiye ita kaɗai, ta riƙa tsara wa Iya zuwa hoton ciki a kai a kai. A nan aka kama ɗan ƙari a hanta tun yana ƙarami, aka cire.

Amma fa Iya ta tsani fita da Kande. In ta kalli fuskarta ta ga damuwa, sai ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Jummala kuwa da gangan ta ƙi tambayar sakamakon, don kada idonta ya tona. Dariyarta ta gaske ce. "Tashi mai ido ɗaya, mu je a ɗauke ki hoto, ko ma samo miki miji!" A hannunta kaɗai Iya ke cin abinci, ita kaɗai take bi asibiti.

Iya na nan da ranta. Tandun kwallin da ta gada wajen uwarta guda ɗaya ne, ta ce na wadda ta riƙe mata rai ne.

Gwaggo ta ajiye faifai ta dube mu. "To ’yan nan, wadda ta gani, ko wadda ta ɗauki sanin, ko wadda ta ƙi sani? Wa za a miƙa wa tandun?"