Jar Motar da Aka Bar wa Malam Ari

Akwai wani mutum a Mandawari da ake kira Malam Ari. Kakanninsa daga Borno suka zo da sana'ar dukanci, shi kuma ya mai da ita kan motoci: ɗinkin kujeru, shimfiɗa fata a jikin ƙofa, da sa roba a bakinta. Rumfarsa tana wajen Ƙofar Na'isa.

A shekarar 1966, wani mai kantin magani a Sabon Gari, Mista Obiora, ya kawo masa wata ƙaramar jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Tsohuwa ya saye ta. Robar ƙofofinta ta farfashe, fatar ciki ta ɗaye, in ana ruwa har kan kujera yake zuba.

Ko mako biyu ba a yi ba gari ya rikice. Obiora ya zo a firgice, ya danƙa masa makulli.

"Malam Ari, za mu tafi gida. In na dawo, to. In ban dawo ba..."

"Allah ya kai ku lafiya. Motarka tana nan."

Ari ya tura ta ƙuryar rumfa, ya kewaye ta da zana. Aka shiga yaƙin basasa, kayan mota suka yi wuya, robar ƙofa irin tata ko labarinta babu. Sai ya samo robar cikin tayar babbar mota, ya yanka ta siri-siri, ya naɗe igiya a ciki, ya ɗinke da basilla. Ya shafa gam ya manna, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ya ɓanɓare, ya sake. Sai a karo na huɗu ta zauna daram. Ya kwara mata bokitin ruwa, ko ɗigo bai shiga ba. Daga nan ya sayo jar fata wajen majema, ya lulluɓe jikin ƙofofin.

Wata rana Alhaji Ɗantani, wani ɗan kwangila, ya leƙa bayan zanan.

"Ari, ba ni motar nan, in ba ka shago a bakin titi."

"Ba tawa ba ce, Alhaji."

"Mai ita ai ya tafi ke nan! Wa ya sani ko yana da rai?"

"In ba ya da rai, yana da magada."

Alhaji ya yi tsaki ya fita, ya kuma daina aiko masa da aiki. Da Ari ya ba matarsa Falmata labari, ta tuna hatsin gidan ya kusa ƙarewa. Duk da haka ta ce, "Malam, gara mu sha kunu da mu ci amana."

Bayan yaƙi ya ƙare, da damina, wani ramammen mutum ya yi sallama a rumfar. Sai da ya yi magana Ari ya gane Obiora ne. Kantinsa ya tafi, babban ɗansa ya rasu a yaƙin.

"Gaishe ka kawai na zo yi," in ji shi. Ko zancen mota bai ɗauko ba.

Ari ya kama hannunsa, ya yaye zanan. Obiora ya tsaya kamar an dasa shi. Ya shafa fatar, ya shiga ya zauna, ya kifa kai a kan sitiyari yana kuka.

Obiora ya sayar da motar, da kuɗinta ya sake buɗe kanti. Wanda ya saye ta kuwa, duk inda ya tsaya sai an tambaye shi wa ya yi aikin ƙofofin. Kafin shekara ta zagayo, masu mota har daga Zariya suke zuwa neman Malam Ari. Iyalin Ari kuma, har Obiora ya tsufa, bai taɓa yarda ya karɓi kuɗin magani a hannunsu ba.

Darasi: Amana ba ta duba ƙabila ko addinin mai ita, kuma ba ta faɗuwa don mai ita ya yi nisa. Ka riƙe abin da aka ba ka ajiya ko da babu mai ganinka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.