Birkin Gefen Malami

Akwai wani malamin koyar da tuƙi da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Taka-Birki, don kalmar ba ta barin bakinsa. Shekara ashirin yana aikin nan ko madubi bai taɓa fasawa ba, kuma ko ba ka tambaye shi ba sai ya gaya maka.

Dokarsa ɗaya ce. Kafin ɗalibi ya kunna mota sai ya miƙo hannu, in hannun na rawa, a sauka.

Bayan rasuwar matarsa komai ya dagule masa, ya rame, ya daina hira. Da ƙyar babbar 'yarsa ta lallaɓa shi ya fara zuwa wajen likitar da ke sauraron masu damuwa, duk ranar Talata.

A zama na uku, likita ta tambaye shi maganar ƙarshe da marigayiyar ta yi masa. Ya fito idanu jawur, yana laluben aljihu, alhali makullin motar na hannunsa.

Likita ta biyo shi har ƙofa. "Malam, ka ɗan zauna a bencin nan ko na minti ashirin ne, ka sha ruwa tukuna."

"Likita, ni za a koya wa tuƙi?"

'Yar, wadda ta rako shi, ta ce, "Baba, kawo in ja mu."

"Ke da na koya wa jiya-jiya? Shiga mu tafi."

Ta shiga ta zauna a kujerar da ya saba zama, gefen malami, inda birki na biyu yake a ƙasa.

Tun daga fita ya kasa zama lafiya. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya sauke gilashi, ya ɗaga. Muryar matarsa ce kawai ke yawo a kunnensa, tana cewa ya kula mata da yaran.

"Baba, ka wuce kwanarmu."

"Na sani."

Wallahi bai sani ba.

A gaban kasuwa danja ta nuna ja. Hawaye sun riga sun rufe masa ido, bai ga danjar ba, bai ga matar da ke tsallakawa da goyo a bayanta ba.

Sai ƙiii! Motar ta yi tsalle ta mutu, saura taku ɗaya ta taɓa matar. Ya duba ƙasa, ƙafarsa na kan totur har yanzu. 'Yarsa ce ta danne birki da ƙafa biyu.

Matar ta dafe goyonta, ta kalli allon koyon tuƙi da ke saman motar, ta kalle shi. "Haba Malam! Kai da kake koya wa mutane?"

Kunya da tsoro suka rufe shi.

'Yar ta ce a hankali, "Baba, miƙo hannunka."

Ya miƙo. Yana rawa kamar na ɗalibin ranar farko.

Bai jira a ce ya sauka ba. Ya zagaya ya zauna a ɗaya gefen, ita ta gyara motar zuwa bakin titi ta kashe. A nan ya yi kukan da ya kasa yi ranar jana'iza, tana riƙe da hannunsa.

Tun daga ranar, duk Talata ita yake ba makulli kafin ya shiga wajen likita.

Darasi: Iya tuƙi ba ya share hawaye. In ka fito daga wajen likita ko daga wani tashin hankali zuciyarka a cunkushe, zauna ka huce, ko ka ba wani makulli. Ba kowace mota ke da birki na biyu ba. Ku tura wa duk direban da kuke ƙauna.